Yadda ake girka pyenv don riƙe sigogin Python da yawa a kwamfuta ɗaya, da yadda ake gyara shi idan ya ƙi aiki

Ubuntu 22.04 tana zuwa da Python 3.10, Ubuntu 24.04 kuma da 3.12, Debian 12 da 3.11. Idan aikin da aka damƙa maka an rubuta shi ne a kan 3.9, ko kuma sabar da za a ɗora shi, wato kwamfutar da za ta riƙa gudanar da shi, tana kan 3.11, sigar da ka tarar a kwamfutarka ba za ta ishe ka ba. Bambancin kuwa ba na wasa ba ne. A 3.12 an cire `distutils` da `imp` gaba ɗaya, a 3.13 aka cire `cgi` tare da wasu tsofaffin sassa. Duk aikin da ke kiran ɗaya daga cikinsu zai tsaya cik tun daga layukan farko. Tun daga 3.9 kuma, kowace shekara a watan Oktoba sabuwar siga ke fitowa, kowacce a kula da ita tsawon shekara biyar, don haka wannan matsalar ba za ta gushe ba.

Abin da ya fi zuwa wa mai koyo a rai shi ne ya sauya Python ɗin da ya zo da Ubuntu, ko ya juya `/usr/bin/python3` ya koma kan wata siga. Don Allah kada ka taɓa shi. Wannan Python ɗin na tsarin kwamfutar ne, ba naka ba. Kayan aikin Ubuntu da dama a kansa suke tafiya, kuma da zarar an juya shi sai ka fara ganin `No module named 'apt_pkg'`, wani lokacin ma tagar Terminal ta ƙi buɗewa. Wanda ya kai ga cire shi da `apt remove` kuwa yana iya rasa fuskar kwamfutarsa baki ɗaya. Aikin pyenv ke nan: ya ajiye maka duk sigogin da kake so a cikin foldarka ta gida, ya bar na tsarin a inda yake.

Ka fara fahimtar yadda yake aiki

Na fi son mutum ya ɓata minti biyar a nan kafin ya buga umarni ko ɗaya, domin kusan duk matsalar da za ta biyo baya daga nan take tasowa.

Idan ka rubuta `python` ka danna Enter, bash, wato manhajar da ke karɓar umarninka a Terminal, ba ya binciken kwamfutar duka. Akwai wani jeri na foldoji mai suna `PATH`, shi yake bi daga hagu zuwa dama, kuma farkon `python` da ya tarar shi yake tayarwa. Kana iya ganin jerin da idonka:

```
echo $PATH
```

Dabarar pyenv ita ce ya sa wata folda tasa, `~/.pyenv/shims`, a sahun gaba na wannan jerin. A cikinta akwai ƙananan fayiloli masu suna `python`, `python3`, `pip` da sauransu, amma babu Python na gaske ko ɗaya a cikinsu. 'Yan aike ne kawai: ka kira `python`, ɗan aiken ya karɓa, ya tambayi pyenv wace siga ce ke da iko a wannan wurin, sannan ya miƙa umarninka ga Python na gaske da ke zaune a `~/.pyenv/versions/`.

Wajen yanke hukuncin wace siga ce, pyenv yana duba wurare huɗu a jere, kuma inda ya fara samun amsa nan yake tsayawa. Da farko `PYENV_VERSION`, wanda umarnin `pyenv shell` ke saitawa ga tagar da kake ciki kaɗai. Idan babu, sai fayil mai suna `.python-version` a foldar da kake tsaye. Idan nan ma babu, sai ya riƙa hawa foldojin da ke sama ɗaya bayan ɗaya yana neman wannan fayil ɗin har ya kai tushe. Idan ya rasa, sai ya koma ga `~/.pyenv/version`, wanda `pyenv global` ke rubutawa. In shi ma babu shi, sai a bar wa Python na tsarin, wanda pyenv ke kira `system`.

Saboda haka duk ranar da abu ya rikice, tambayoyi biyu ne a gabanka: wane `python` ne ya amsa kira, kuma wa ya turo shi?

Mataki na farko: kayan gini

pyenv ba ya sauko da Python a shirye. Asalin kod ɗin yake saukowa daga python.org ya gina shi a kan na'urarka, kuma ginin yana buƙatar kayan aiki da laburare waɗanda Ubuntu ba ta zuwa da su. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi jawo wahala daga baya.

```
sudo apt update
sudo apt install make build-essential libssl-dev zlib1g-dev \
  libbz2-dev libreadline-dev libsqlite3-dev curl git \
  libncurses-dev xz-utils tk-dev libxml2-dev libxmlsec1-dev \
  libffi-dev liblzma-dev libzstd-dev
```

Kada ka rage ko ɗaya don tattalin data. Da yawansu suna da ɓangaren Python da ya rataya a kansu: `libssl-dev` ne ke ba `pip`, mai girka ƙarin kayan Python, damar magana da intanet, `libsqlite3-dev` ne ke sa Django ya iya buɗe rumbun bayanansa na gwaji, `libffi-dev` na `ctypes` ne, `liblzma-dev` da `libbz2-dev` kuma na matse fayiloli. Na ƙarshen, `libzstd-dev`, sai daga 3.14 ake buƙatarsa. Abin takaicin shi ne rashin mafi yawansu ba ya hana ginin kammala. Zai gama lafiya lau, sai bayan mako biyu kana tsakiyar aiki ka ci karo da `No module named '_sqlite3'`.

Mai Mac zai buga `xcode-select --install`, sannan `brew install openssl readline sqlite3 xz zlib pyenv`, ya tsallake mataki na biyu. Mai Windows kuwa, pyenv na asali ba ya aiki a kanta kai tsaye. Akwai wani aiki daban mai suna pyenv-win, amma shawarata ita ce a girka Ubuntu ta hanyar WSL, tsarin da ke tayar da Linux a cikin Windows, a bi wannan jagorar yadda take.

Mataki na biyu: saukar da pyenv

```
curl -fsSL https://pyenv.run | bash
```

Wannan zai zuba pyenv a `~/.pyenv`, tare da wasu ƙarin sassa irin su `pyenv-update`, `pyenv-doctor` da `pyenv-virtualenv`. Ba a sa `sudo` a nan. Wanda hankalinsa bai kwanta da tura rubutun intanet kai tsaye cikin bash ba, kuma yana da hujja, zai iya yi da hannu:

```
git clone https://github.com/pyenv/pyenv.git ~/.pyenv
```

Mataki na uku: sanar da bash

Saukarwa kaɗai ba ta sa bash ya san da zaman pyenv. Buɗe `~/.bashrc` da `nano ~/.bashrc`, ka gangara can ƙarshen fayil ɗin, ka ƙara waɗannan layuka uku:

```
export PYENV_ROOT="$HOME/.pyenv"
[[ -d $PYENV_ROOT/bin ]] && export PATH="$PYENV_ROOT/bin:$PATH"
eval "$(pyenv init - bash)"
```

Layi na farko yana faɗin inda pyenv yake. Na biyu yana sa umarnin `pyenv` kansa ya samu. Na uku ne ke tura foldar `shims` gaban `PATH`, ya kuma kunna `pyenv shell`. Na ce ƙarshen fayil ne da gangan: duk layin da ya taɓa `PATH` bayan waɗannan yana iya shiga gaban `shims` ya ƙwace kiran.

Ka maimaita layukan a `~/.profile`, ko a `~/.bash_profile` idan kana da shi. Dalili shi ne `.bashrc` na Ubuntu yana da wani sharaɗi a samansa da ke dakatar da karanta shi idan ba mutum ne ke zaune yana buga umarni ba. A `.profile` ɗin, ka rubuta layi na biyu da baka guda, wato `[ -d "$PYENV_ROOT/bin" ]`, domin ba bash kaɗai ke karanta wannan fayil ɗin ba. Mai amfani da zsh a madadin bash, wanda shi ne ke zuwa da Mac tun 2019, zai sa layukan a `~/.zshrc` ya canza kalmar `bash` ta ƙarshe zuwa `zsh`.

Za ka ga wasu tsofaffin bayanai suna cewa a ƙara `pyenv init --path`. Wannan tsarin sigogin pyenv 2.0 zuwa 2.2 ne, an sauƙaƙa shi tun daga 2.3.0. Yana nan yana aiki, amma kada ka haɗa tsoho da sabo a fayil ɗaya kana kwafowa daga wurare daban-daban, don nan gaba kai da kanka ba za ka gane wane layi ke yin me ba.

Yanzu sabunta tagar ka gwada:

```
exec "$SHELL"
pyenv --version
```

Idan lambar siga ta fito, ka wuce wurin.

Mataki na huɗu: gina Python na farko

Duba sigogin da ake da su:

```
pyenv install --list | grep " 3\.12"
```

Sannan ka girka wadda kake so. Kana iya ba da cikakkiyar lamba kamar `3.12.7`, ko ka ce `3.12` kawai pyenv ya zaɓo mafi sabunta da ya sani:

```
pyenv install 3.12
```

Zai sauko da fayil mai nauyin kusan megabait 20, ya warware shi, ya shiga gini. A nan allon zai yi shiru na wasu mintuna, a tsohuwar laftof ma ya fi haka daɗewa, fanka tana ta ƙara. Bai maƙale ba, kada ka katse shi. Mai son ganin abin da ke gudana ya ƙara `-v` a umarnin. In wuta ba ta da tabbas a unguwarku, ka tabbata batirin na da caji sosai kafin ka fara, don gini yana shan wuta fiye da aikin yau da kullum.

Ga wanda netwok ke yanke masa, akwai wata dabara da ta cancanci a sani. Idan ka ƙirƙiri folda mai suna `cache` a cikin `~/.pyenv`, pyenv zai fara duba cikinta kafin ya nufi intanet, kuma duk abin da ya sauko zai ajiye kwafinsa a nan:

```
mkdir -p ~/.pyenv/cache
wget -c -P ~/.pyenv/cache \
  https://www.python.org/ftp/python/3.12.7/Python-3.12.7.tar.xz
pyenv install 3.12.7
```

Amfanin `-c` shi ne idan saukarwar ta yanke a rabi, ka sake buga umarnin ta ci gaba daga inda ta tsaya. Haka kuma mutum ɗaya zai iya saukowa ya raba wa abokan karatunsa ta filash, kowa ya zuba a tasa foldar `cache`. Kada dai a canza sunan fayil ɗin, kuma lambar sigar da za a girka ta dace da tasa daidai. Abin da ba na ba da shawara shi ne kwafe ginannen Python daga `versions` na wata kwamfuta zuwa wata, domin an gina shi ne da adireshin foldoji da laburaren waccan na'urar.

Da ginin ya ƙare, karanta layukan ƙarshe da kyau. Duk layin da ya fara da `WARNING` yana gaya maka wani sashe bai ginu ba. Ga gwajin da nake so kowa ya yi nan take:

```
pyenv shell 3.12
python -c "import ssl, sqlite3, bz2, lzma, ctypes, readline; print('lafiya')"
pyenv shell --unset
```

Idan ya rubuta `lafiya`, ginin ya cika.

Mataki na biyar: zaɓen siga

```
pyenv global 3.12
```

Wannan ita ce sigar da za ta amsa a duk inda ba a ce komai ba. Ga aikin da ke son wata siga daban, shiga foldarsa ka ce:

```
pyenv install 3.11
cd ~/ayyuka/shagon-littattafai
pyenv local 3.11
```

Umarnin ƙarshe zai rubuta fayil ɗin `.python-version` a foldar. Daga yanzu duk lokacin da ka shiga cikinta ko wata folda da ke ƙarƙashinta, `python` zai zama 3.11, da ka fita ya koma 3.12, ba tare da ka sake cewa komai ba. Yana da kyau a sa wannan fayil ɗin cikin git don abokan aiki su san sigar da aka tsayar. Na fi son a rubuta `3.11` a ciki maimakon cikakkiyar lamba, don kada a tilasta wa kowa gina daidai wannan ƙaramar sigar.

`pyenv versions` zai jero duk abin da ka girka, da tauraro a gefen wadda ke aiki.

pyenv ba ya raba ƙunshe-ƙunshe

Nan mutane da yawa ke ruɗewa. pyenv yana raba sigogin Python ne, ba ya raba abin da ka girka da `pip`. Ayyuka biyu da ke kan 3.12 za su riƙa zuba kayansu wuri ɗaya, ɗaya yana son Django 4.2 ɗayan yana son 5, su yi ta ture juna. Maganin shi ne kowane aiki ya sami keɓaɓɓen muhallinsa:

```
cd ~/ayyuka/shagon-littattafai
python -m venv .venv
source .venv/bin/activate
python -m pip install -r requirements.txt
```

Tsarin da ya dace ke nan: pyenv ya zaɓi siga, `venv` ya keɓe kayan aikin. Ka lura da abu biyu. Muhallin yana ɗaure ne da sigar da aka ƙirƙire shi da ita, don haka `pyenv local` ake fara yi kafin `venv`. Sannan muddin muhallin yana kunne, foldarsa ce ke gaban `shims` a `PATH`, wato ko ka canza siga da pyenv ba za ka ga canji ba sai ka buga `deactivate`. Ka kuma saba da rubuta `python -m pip` maimakon `pip` zalla, don ta haka ne kake da tabbacin cewa Python ɗin da ka kira shi ne ke karɓar kayan.

Idan ya ƙi aiki

Kafin ka kwafi saƙon kuskure ka tafi nema a intanet, buga waɗannan ukun:

```
type -a python
pyenv version
pyenv which python
```

Na farko zai jero duk `python` da bash ya sani, bisa tsarin da yake bi. Layin sama ya kamata ya ƙare da `.pyenv/shims/python`. Na biyu zai faɗi sigar da aka zaɓa da kuma wanda ya zaɓe ta, za ka ga `set by` sannan adireshin fayil ɗin. Na uku zai nuna ainihin Python ɗin da ake miƙa wa aiki. Da amsoshin nan uku, yawancin matsaloli sun riga sun bayyana kansu.

*An ce `pyenv: command not found`.* Bash bai karanta layukan mataki na uku ba. Ko dai ba ka sabunta tagar ba, ko ka sa su a fayil ɗin da ba shi ake karantawa ba. `echo $SHELL` zai gaya maka ko bash kake ko zsh.

*Ka yi `pyenv global` amma `python --version` bai canza ba.* Dubi amsar `type -a python`. Idan `/usr/bin/python` ko wata folda ta Anaconda ce a sama, to wani abu ya shiga gaban `shims`. Anaconda da Miniconda, wasu manhajoji masu zuwa da nasu Python, suna zuba nasu layukan a `.bashrc`, kuma idan suna ƙasa da na pyenv su ne za su yi nasara. Ko ka mayar da layukan pyenv ƙarshe, ko ka hana conda kunna kansa da `conda config --set auto_activate_base false`. Idan kuwa `shims` ne a sama amma har yanzu tsohon ke amsawa, buga `hash -r`, don bash yana riƙe adireshin umarnin da ya taɓa kira.

Akwai kuma wani tarko da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Mutum ya buɗe taga, yana tsaye a foldarsa ta gida, ya buga `pyenv local 3.9` bisa kuskure. Fayil ɗin `.python-version` ya zauna a `~`. Tunda pyenv yana hawa sama yana nema, kuma duk ayyukanka a ƙarƙashin gida suke, wannan fayil ɗin zai danne `global` a ko'ina. `pyenv version` zai tona shi nan take, sai ka goge shi da `rm ~/.python-version`.

*An ce sigar `is not installed`, tare da `set by` da adireshin wani `.python-version`.* Ka ɗauko aikin wani ne da ya tsayar da sigar da ba ka da ita. Tsaya a foldar ka buga `pyenv install` ba tare da lamba ba, zai karanta fayil ɗin ya girka abin da aka nema.

*An ce `pyenv: python: command not found`, sannan aka jero sigogin da ke da shi.* Zaɓin yana kan `system` ne, Ubuntu kuma `python3` kawai take da shi, ba ta da `python`. Yi `pyenv global` da ɗaya daga cikin sigogin da aka jero. Irin wannan saƙon yana fitowa ga wasu umarnai ma, kamar `black` ko `jupyter`, idan ka girka su a wata siga kana kiran su daga wata.

*An ce `BUILD FAILED`.* Kada ka tsaya a wannan layin, ba shi ne bayanin ba. A ƙasansa akwai adireshin fayil a `/tmp` mai farawa da `python-build` yana ƙarewa da `.log`, can dalilin yake. Idan ka ga `no acceptable C compiler found in $PATH`, `build-essential` ne babu. Idan `The Python ssl extension was not compiled. Missing the OpenSSL lib?` ne, `libssl-dev` ne babu, ko kuma sigarsa ba ta dace ba: daga Python 3.10 zuwa sama dole sai OpenSSL 1.1.1 ko wanda ya fi shi sabunta, abin da ke kayar da masu tsofaffin saba. Akasin haka ma yana faruwa, tsofaffin Python irin su 3.6 ba sa jituwa da OpenSSL 3 da ke cikin Ubuntu 22.04 zuwa sama. Aikin da ya tsufa haka, gara a tayar da shi a cikin Docker, manhajar da ke tayar da aiki a keɓe da nasa tsarin, da a yi ta kokawa da gini. Idan kuma ka ga kalmar `Killed`, ƙwaƙwalwar na'urar ce ta cika, abin da aka fi gani a ƙananan saba masu gigabait ɗaya. Rage yawan ayyukan da ake yi lokaci guda:

```
MAKE_OPTS="-j1" pyenv install 3.12
```

In `/tmp` ce ta cika ko aka hana tayar da manhaja daga cikinta, ƙirƙiri wata folda ka nuna masa: `mkdir ~/tmp`, sannan `TMPDIR=~/tmp pyenv install 3.12`.

*`No module named '_ctypes'`, ko `'_bz2'`, `'_lzma'`, `'_sqlite3'`, `'_tkinter'`.* Duk sunan da ya fara da ɗan layin ƙasa irin wannan, ba `pip` ne zai kawo shi ba, kada ka wahalar da kanka. Sashe ne na Python da bai ginu ba saboda laburarensa ba ya nan lokacin gini. Girka laburaren yanzu ma bai isa ba, domin ginin ya riga ya wuce. Sai ka girka abin da ya ɓace daga jerin mataki na farko, sannan ka sake ginawa:

```
pyenv uninstall 3.12.7
pyenv install 3.12.7
```

A nan ne foldar `cache` ke biyan wahalarta, don ba sai an sake sauko da komai ba.

*Kowace taga ka buɗe sai ta daɗe a tsaye, sannan a ce `cannot rehash` da `.pyenv-shim exists`.* Wannan na yawan biyo bayan mutuwar kwamfuta ba shiri, kamar an ɗauke wuta batiri kuma ya ƙare. Lokacin da pyenv ke sabunta foldar `shims` yana ajiye wani ɗan fayil a matsayin makulli, ya goge shi in ya gama. Idan aka katse shi a tsakiya, makullin ya zauna, duk wanda ya zo bayansa sai ya yi ta jira. Rufe sauran tagogi, ka cire shi da hannu:

```
rm ~/.pyenv/shims/.pyenv-shim
pyenv rehash
```

*Sabuwar siga ta fito amma ba ta cikin `--list`.* Jerin yana cikin pyenv ɗin da ka sauko ne, ba daga intanet yake karanto shi ba. `pyenv update` zai sabunta shi, ko `git pull` a cikin `~/.pyenv` ga wanda ya girka da hannu, ko `brew upgrade pyenv` a Mac.

*`pip` ya ce `externally-managed-environment`.* Wannan kariya ce da Debian 12 da Ubuntu daga 23.04 suka sa wa Python na tsarin. Ganin saƙon yana nufin `pip` na tsarin ne ya amsa, ba na pyenv ba. Kada ka bi shawarar `--break-system-packages`, sunan kansa ya faɗi abin da yake yi. Koma ga `type -a python` ka gano dalilin da ya sa aka tsallake `shims`.

Wuraren da pyenv ba ya kaiwa

Duk abin da bai karanta `.bashrc` ko `.profile` naka ba, bai san da pyenv ba. `sudo python` zai tayar da na tsarin ne, domin `sudo` yana da nasa `PATH`. `cron`, mai tayar da ayyuka da kansa a lokacin da aka tsara, shi ma haka, da ɗan gajeren `PATH` yake tashi, haka ayyukan systemd. Shi ya sa rubutun da ke tafiya lafiya a hannunka yake faɗuwa da tsakar dare idan `cron` ya kira shi. A irin waɗannan wurare a rubuta cikakken adireshi, kuma mafi kyau na muhallin aikin:

```
0 2 * * * /home/sunanka/ayyuka/rahoto/.venv/bin/python /home/sunanka/ayyuka/rahoto/aika.py
```

Ba a buƙatar `activate` a nan, kiran Python ɗin da ke cikin `.venv` kai tsaye ya wadatar. VS Code shi ma yana da nasa zaɓin: danna Ctrl+Shift+P, ka nemi `Python: Select Interpreter`, ka nuna masa `.venv` na aikin. In ba haka ba zai yi ta ja maka jan layi a ƙarƙashin abubuwan da ka san ka girka.

Masu WSL suna da ƙarin abu biyu. Windows tana cusa nata `PATH` cikin na Ubuntu, don haka idan akwai pyenv-win ko wani Python a ɓangaren Windows, `type -a` zai iya nuna adireshi mai farawa da `/mnt/c`. Ana kashe wannan ta hanyar sa `appendWindowsPath = false` a ƙarƙashin sashen `[interop]` na `/etc/wsl.conf`, sannan a buga `wsl --shutdown` daga PowerShell, sai dai hakan zai sa umarnai irin `code .` su daina samuwa har sai ka ƙara adireshinsu da hannu. Na biyu, ka ajiye ayyukanka a cikin `~` na Ubuntu, ba a `/mnt/c` ba, don aiki da fayiloli ta can yana da nauyi ƙwarai.

Ɗaukaka siga da share tsofaffi

pyenv ba ya ɗaukaka siga a inda take. Idan kana kan 3.12.7 aka fitar da wadda ta fi ta, sabuwar za ta zauna ne a gefenta a matsayin gini daban, babu ko ɗaya daga cikin kayan da ka girka a tsohuwar. Muhallan `.venv` kuma suna nan ɗaure da tsohuwar, kana iya ganin haka a fayil ɗin `pyvenv.cfg` da ke cikin kowannensu. Idan ka yi gaggawar `pyenv uninstall`, duk muhallin da ya dogara da ita ya mutu. Bayan ka girka sabuwar sigar, ga tsarin da ya kamata a bi a kowane aiki kafin a share komai:

```
source .venv/bin/activate
python -m pip freeze > requirements.txt
deactivate
rm -rf .venv
pyenv local 3.12
python -m venv .venv
source .venv/bin/activate
python -m pip install -r requirements.txt
```

Idan aikin yana da `requirements.txt` da ake kula da shi da hannu, ka ba fayil ɗin `freeze` wani suna daban don kada ka rubuta a kansa. Sai ka gwada aikin ka ga yana tafiya, sannan ka share tsohuwar sigar. Kowace siga tana cin ɗaruruwan megabait, `du -sh ~/.pyenv/versions/*` zai nuna maka nauyin kowacce.

Wanda ginin ya yi wa nauyi, ko don tsufan na'ura ko don ƙarancin wuta, yana iya duba uv na kamfanin Astral, wanda ke sauko da Python ginanne a shirye kuma shi ma yana karanta `.python-version`. Mai son cire pyenv gaba ɗaya kuwa, ya goge layukan nan uku daga `.bashrc` da `.profile`, ya buga `rm -rf ~/.pyenv`, ya buɗe sabuwar taga. `python3` zai koma na Ubuntu kamar yadda yake tun farko, sai dai duk `.venv` da aka gina a kan sigogin pyenv dole a sake ƙirƙirar su.